Madarar Kamfani

A gidan su Zarto akwai maganar da aka hana kowa yi a gaban lauya, ita ce maganar madara. Zarto da kansa ya kafa wannan doka, yana kwance a gadon asibiti, roba a gefen haƙarƙarinsa tana tsiyayar da ruwa cikin kwalba. Mutumin da ke cikin irin wannan hali ba a cika yi masa gardama ba. Matarsa ta ce to, yayansa ma ya ce to, yana share gumi.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane dalili.

Zarto ba sunansa na gaskiya ba ne. An laƙaba masa shi ne a kamfanin da ke yin kwanon rufi na siminti, inda ya yi shekara ashirin da wani abu yana tsaye a gaban injin yanka. Abin da ake cuɗawa da simintin, a takarda sunansa asbestos, amma ma'aikata auduga suke ce masa, don fari ne, ga laushi, ga son tashi sama. Idan injin ya kama kwano, ƙura takan turnuƙe ɗakin har ka daina gane fuskar na kusa da kai. Da yamma su fito fari fat, gira fari, gashin hanci fari, samari 'yan shekara ashirin suna yi wa juna tsiyar furfura.

Kamfanin kuwa ba za a ce bai kula da mutanensa ba. Kullum idan an tashi aiki, sai masu aiki cikin ƙurar su yi layi a bakin wani ɗan ɗaki kusa da get, a miƙa wa kowa kofi guda na madara. Shugaban sashe yana tsaye, hannu a baya, yana maimaita karatunsa: "A sha a wanke ƙirji. Wanda bai sha ba, ruwansa, kamfani ya fita." Ba a fita da ita, ba a sayarwa. A nan za ka shanye a gabansa, ka kife kofin a kan tire. Kowa ya yarda cewa farin abu shi ke wanke farin abu, kuma ba wanda ya taɓa ganin dalilin tambaya. Mutanen wasu kamfanoni har ƙyashi suke yi.

To shi Zarto, cikinsa da madara ba sa ga maciji. Duk ranar da ya sha, hanyar banɗaki ce za ta gaji da shi. Yayansa, wanda shi ne ya samo masa aikin tun farko, shi ya fito da dabara. Sukan tsaya kafaɗa da kafaɗa a layi. Yaya ya ɗaga nasa kofin ya shanye da kurɓi biyu, su yi musanya a ƙasa, Zarto ya kife wofin kofi yana lashe leɓe kamar ya ji daɗi, Yaya ya juya baya ya zazzage na biyun. Haka suka yi har ranar da aka rufe ɗakin yanka, shugaban sashe bai taɓa kama su ba.

Shekaru suka ja. Kamfanin ya daina yin kwanon, ya sake suna, ya sake fenti, ya koma yin tayil da bututun roba, har da furanni a bakin get. Zarto ya buɗe ɗan shagon ƙusa da makullai, ya yi aure a makare, ya samu 'ya'ya mata biyu da har yanzu suke makaranta. Sai tari ya zo. Mai kemis ya ce sanyi ne. Wani asibitin ya ce tarin fuka ne, aka yi ta ɗura masa ƙwayoyi yana ramewa. Sai da numfashi ya fara gagararsa a kan matattakalar gidansu sannan aka tura shi babban asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka zuƙe ruwa, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji.

Likita mutum ne mai magana a hankali, kamar kowace kalma sai ya auna ta. Ya ce, "Huhu yana da riga, wata 'yar siririyar fata da ta lulluɓe shi. Ƙurar da kuka shaƙa ba ta narkewa. Ta shiga ta kwanta a jikin rigar nan, ta yi shekaru tana barci, yanzu ta farka. Ciwon daji ne, wato kansa."

Zarto ya ce, "Ana warkewa?"

"Ana rage mata gudu. Ana rage maka ciwo. Za mu yi duk abin da ake yi."

"Wato birki za ku taka, ba juya motar za ku yi ba."

Likita ya dai rubuta masa ranar da zai dawo.

Daga nan rayuwa ta koma layi. Layin kati, layin ɗibar jini, layin ɗakin ƙarin ruwa, inda ake zaunar da mutum a kujera mai hannu a saka masa maganin kansa ta jijiya, ya yi wuni guda yana kallon ɗigo. Maganin ya ɗauke masa ɗanɗano, komai ya sa a baki sai ya ji kamar ƙusar shagonsa yake tsotsa. A wannan layin ne ya riƙa cin karo da tsofaffin abokan aiki, mai cuɗa siminti, mai share ɗakin yanka, mai ɗinke buhu. Sukan gaisa da dariya, su ce ga taron tsofaffin ma'aikata da kamfani ya manta bai shirya ba. Daga baya sai ya lura ana zuwa da wuri a samu kujera, saboda masu zuwa suna raguwa. Duk sun sha madararsu, amma Zarto bai tsaya ya yi wannan lissafin ba. Ya ce a ransa kofi ɗaya ne bai isa ba.

Hujjarsa kuwa, da aka kwantar da shi a asibiti, tana zaune a gefen gadonsa kullum. Yaya ya haura sittin, amma har yanzu shi kaɗai yake ɗaga injin ban ruwa ya ɗora a mota. Bai san tari ba, bai san ciwon baya ba, idan ya yi atishawa sai yaran maƙwabta su firgita. Tun ranar da aka faɗi sunan cutar ya daina kallon ƙaninsa ido cikin ido. Kullum sai ya zo da gwangwanin madara a leda, ya ajiye a kan durowa, kamar mai mayar da kayan aro bayan mai kayan ya daina buƙata. Matar Zarto takan kai wa yara su sha da shayi.

Wata rana da hantsi, matar ta tafi karɓo magani, Yaya ya kasa daurewa.

"Ni na cuce ka," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ni na kai ka wurin nan, ni na shanye maka rabonka. Da ka daure ka sha, gudawa ai ba ta kisa."

Zarto ya yi dariya har robar haƙarƙarinsa ta motsa. "Yaya, kai ka ɗauka kyauta na ba ka? Ajiya na yi. Lafiyata na riƙa zubawa a cikinka kullum, kofi-kofi. Ga ta nan kuwa ta yi albarka, dube ka kamar bango."

"Ka daina wasa."

"Ba wasa nake ba." Ya jira numfashi ya dawo masa. "Yaran nan ba su da kowa sai kai. Uwarsu ba ta da ɗan'uwa namiji. Babbar tana son karatun jinya, autar kuwa ka san halinta, sai an tsaya a kanta. Ni tafiya zan yi, wannan ba ya hana ni barci. Abin da zai hana ni barci shi ne in bar su ba mai tsaya musu. To ga ka. Ka riƙe min ajiyata da kyau, su za ka biya."

Yaya ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, mai jinyar gadon kusa ta ja labule. Shi kuwa Zarto ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari. Gaskiyar magana, duk tsiyar da yake yi, a kan wannan tunani yake jingina kansa. Bai taɓa tambayar Likita ko madara tana wanke ƙirji ba. Tambayar tana zuwa masa har bakin leɓe, sai ya mayar da ita ya tambayi wani abu, kamar ko zai iya cin yaji.

Ana cikin haka Lauya ta shigo rayuwarsu. Wata mata ce gajera mai saurin tafiya, jakarta ta fi ta nauyi, daga wata ƙungiya mai tsaya wa ma'aikata. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ba ta labarinsa. Kafin ta iso gadon, matar Zarto ta sa ƙafa ta tura gwangwanin ranar ƙarƙashin gado.

Lauya ba ta da kwana-kwana. Ta ce, "Doka ta ba ka haƙƙi. Kamfani ya biya jinyarka, ya kuma biya diyyar abin da iyalinka za su rasa. Sake suna ba ya wanke shi. Amma doka tana da agogo, tun ranar da likita ya faɗa maka ya fara tafiya. Kuma gara a yi kana raye, alƙali ya gan ka, ya ji numfashinka da kunnensa."

"Wato in yi sauri kafin in yi sauri," in ji Zarto.

"Haka nake nufi. Cutar ba ta da wuyar tabbatarwa, Likita zai yi bayani. Inda aikin yake shi ne a nuna kamfani ya san ƙurar tana cutarwa, ya bar ku a ciki. Su cewa suke ba su sani ba. Mun nemi tsofaffin takardunsu, sun ce gobara ta cinye."

Zarto ya ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru muna yin kayan da wuta ba ta ci, ashe ɗakin takardu kaɗai aka manta ba a rufa da shi ba."

Lauya ta ɗan murmusa, ta ci gaba. "Ku tuna da kyau. Akwai wani abu da kamfani ya taɓa ba ku saboda ƙurar? Takunkumi? Gargaɗi? Wani magani?"

Zarto ya dubi Yaya, Yaya ya dubi fanka.

"Babu," in ji Zarto.

"Ko kaɗan?"

"Ko ruwan sanyi."

Lauya ta yi ajiyar zuciya, ta rufe jakarta. Zarto ya ɗauka ajiyar zuciyar jin daɗi ce.

Da ta fita ya tara iyalinsa ya yi musu huɗuba. A ganinsa maganar a fili take. Kamfani ya ba da magani, ya ce wanda bai sha ba ruwansa, shi kuma bai sha ba. Ranar da alƙali ya ji wannan, ranar shari'a ta mutu, a ce da shi tashi ka ba mutane wuri, kai ka jawo wa kanka. Saboda haka madara ba ta taɓa wanzuwa ba. Ba a yi layi ba, ba a kife kofi ba.

Matsalar ita ce, cikin duk waɗanda suka yi aiki a ɗakin yanka, Yaya kaɗai ya rage da ƙafar zuwa kotu da numfashin yin magana. Yaya kuwa bai iya ƙarya ba. Ba wai don ya fi kowa tsoron Allah ba, jikinsa ne kawai ba ya ɗauka. Da ya fara, sai karan hancinsa ya jiƙe, muryarsa ta koma ta mace. Ko farashin kaya ya ƙara wa mai saye, sai ya bi shi da canji. Aka yi ta yi masa bita a gida bayan an sallamo Zarto. Matar ta zauna a kan kujera ta zama alƙali, Zarto ya zama lauyan kamfani.

"Malam, me ake ba ku idan an tashi aiki?"

"Ba a ba mu... wato, ban da..."

"Ban da me, Yaya? Ka ga ka kashe mu!"

"To in aka sa ni rantsuwa fa?"

"Ka ce ka manta. Tsufa ai ba laifi ba ne."

Matar ta ce, "Yaya, in ka ji maganar ta taso maka, ka yi tari kawai."

"Ni ban iya tari ba," in ji Yaya, kuma gaskiya ya faɗa.

Ranar shari'a aka kai Zarto a keken marasa lafiya, rigar da ya yi aure da ita tana yawo a jikinsa. Ɗakin kotun ƙarami ne, benci huɗu, fanka ɗaya mai ƙara, da tagar da ba ta rufuwa. Da safe Likita ya ba da shaidarsa, ya koma ya zauna a baya yana duba agogo. Sannan lauyan kamfani ya miƙe. Saurayi ne mai kyan sutura, ba a haife shi ba lokacin da aka fara layin madara, ga ladabi kamar ya zo gaisuwar surukai. Ya ce kamfani yana jimami ƙwarai. Ya ce a wancan zamani ba wanda ya san ƙurar nan tana da illa, su ma daga baya suka ji kamar kowa. Ya ce ba a hukunta mutum a kan abin da bai sani ba. Zarto ya saci kallon Lauya, ya ga tana murza goshi. Ko shi da bai yi karatun shari'a ba ya gane motarsu ta fara gangara baya.

Aka kira Yaya. Ya yi rantsuwa da muryar da ta cika ɗakin. Lauya ta yi masa tambayoyinta, ya amsa lafiya lau: ɗakin, injin, ƙurar, farin gira. Sai lauyan kamfani ya matso yana murmushi.

"Baba, kana tari?"

"A'a."

"Ka taɓa kwanciya a asibiti?"

"Sai dai in je dubiya."

"Kai da ƙaninka ɗaki ɗaya kuka yi aiki?"

"Na riga shi shiga ma."

"Wato ka fi shi daɗewa a cikin ƙurar. Amma ga ka garau, Allah ya ƙara lafiya, ko ni ba zan yi kokawa da kai ba." Aka ɗan yi dariya. "To Baba, ka taimaki kotu. In da gaske ƙurar kamfaninmu ce ta kwantar da shi, kai me ya hana ta kwantar da kai? Ka tuna ka yi rantsuwa."

Karan hancin Yaya ya jiƙe. Ya dubi Zarto. Zarto ya zare masa ido iya ƙarfin da ya rage masa. Matar ta yi tari daga benci don ta tuna masa. Yaya ya buɗe baki ya gwada tarin, abin da ya fito ya fi kama da gyaran murya.

"Ya mai shari'a," in ji shi da wata siririyar murya, "ni kofi biyu nake sha."

Zarto ya rufe ido.

Lauyan kamfani ya ce, "Kofi biyu na me?"

Ai kuwa sai bakin ya ɓalle. Layin, tiren, karatun shugaban sashe, cikin Zarto, musanyar da ake yi a ƙasa, Yaya bai rage komai ba. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Ya ce laifinsa ne, a hukunta shi, a bar yaron nan, cikinsa ne ba ya ɗauka.

Idon lauyan kamfani ya yi haske kamar wanda ya tsinci abu a hanya. Ya juya wajen alƙali. "Ya mai shari'a, kotu ta ji da kunnenta. Kamfani ya tanadi kariya kullum, kyauta, mai ƙara ya ƙi amfani da ita da gangan, har da yaudarar shugabansa."

Zarto ya ji matarsa ta kama hannun keken ta matse. Shi ke nan, ya ce a ransa, Yaya ya shanye madarar, ya dawo ya shanye shari'ar.

Sai ya ji motsin kujera. Lauya ce ta miƙe, a hankali, ita da ba ta taɓa yin komai a hankali ba.

"Ya mai shari'a, da safe abokin aikina ya ce kamfani bai san ƙurar tana da illa ba. Yanzu ya ce kamfani ya tanadi kariya kullum. Ina so ya gaya wa kotu, kariya daga me?"

Lauyan kamfani ya buɗe fayil ɗinsa ya rufe.

Lauya ta nemi izini ta koma kan Yaya. "Baba, yaushe aka fara ba da madarar?"

"Na tarar ana yi."

"Kowa ake ba?"

"A'a. Mu na ɗakin auduga kawai. 'Yan ofis ba a ba su, direbobi ba a ba su, masu gadi ma sai dai su kalla."

"Me aka ce tana yi?"

"Wanke ƙirji."

"Manyan kamfani suna shigowa ɗakin?"

"Jefi-jefi. Su toshe hanci da hankici, su wuce da sauri."

"Su an ba su madara?"

"Su ai ba sa daɗewa."

Alƙali tsoho ne mai tabarau a ƙarshen hanci, tun safe yana ta rubutu. Ya ɗaga kai ya nemi Likita ya dawo. "Likita, ka fitar da ni daga duhu. Madara tana wanke wannan ƙura?"

"Ya mai shari'a, madara ciki take tafiya, ƙura huhu take tafiya. Ba sa ko haɗuwa a hanya."

"Ko kaɗan ba ta taimakawa?"

"Tana maganin yunwa."

Yaya, da ba a sallame shi ba tukuna, ya manta inda yake. Ya ce, "Likita, kofi biyu fa?"

"Baba, ko ganga guda."

Kotu ta kwashe da dariya, har magatakarda ya kife fuska a kan tebur. Alƙali ya buga tebur yana ɓoye tasa. Lauyan kamfani ya roƙi a ɗage zama don ya tuntuɓi waɗanda suka aiko shi, kuma tun ba a gama fita ba ya tare Lauya a baranda, murya ƙasa-ƙasa, yana maganar sulhu, da jinya, da karatun yara.

Lauya ta dawo wajensu tana huci. "Wata nawa ina neman abu ɗaya da zai nuna sun sani, ashe yana ƙarƙashin gadonku! Me ya sa kuka ɓoye min?"

"Dabara ce," in ji Zarto.

"To Allah ya raba mu da dabararka. Mun ci, ka ji? Ba za su yarda a koma gaban alƙalin nan ba."

Matar ta durƙusa a gefen keken tana kuka tana godiya. Yaya kuwa ba a magana. Ya kama kafaɗun ƙaninsa yana girgizawa, fuskarsa kamar an sauke masa buhu daga ka. "Ka ji abin da Likita ya ce? Ko ganga guda! Ashe ban cuce ka ba! Ashe ko ka sha, ko ba ka sha ba, duk ɗaya ne!"

"Na ji, Yaya."

Ya ji ɗin. Magana ɗaya Likita ya yi, Yaya ya ɗauki rabin da ya wanke shi ya yi gaba da murna, ya bar wa Zarto ɗaya rabin. A cikin tasi, matar tana ta kiran 'yan'uwa a waya, Yaya yana ba direba labarin yadda ya kayar da lauyan kamfani, Zarto ya jingina kai da gilashi yana kallon ƙeyar yayansa. Babu ajiya. Shekara ashirin da wani abu yana zuba lafiyarsa a wurin da ba ta taɓa zama ba. Mutumin da ya bar wa 'ya'yansa ya riga shi shiga ɗakin nan, ya fi shi shaƙa, kuma abin da ke tsakaninsa da ƙurar bai wuce abin da ke tsakanin Zarto da ita ba. Tsoron da bai ji ba ranar da aka ce masa kansa ce, shi ya ji a cikin tasin nan, ranar da ya ci shari'a.

Suka iso gida da la'asar. Ɗakunansu a saman bene suke. Zarto ya kama ƙarfen matattakala ya ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi. Wunin kotu ya tafi da ɗan abin da ya rage. Matar ta yi gaba da keken a naɗe don ta buɗe ƙofa. Yaya ya durƙusa a gabansa ya ba shi baya.

"Hau. Yau ko saman hasumiya ne sai na kai ka."

"Mutane na kallo."

"Su kalla. Ba yau na fara goya ka ba."

Ya hau. Bai fi nauyin yaro ba yanzu, Yaya ya miƙe da shi kamar ba komai, ya fara hawa yana ci gaba da labarin kotu. Zarto ya kwantar da kansa a bayan, kunnensa ya manne da rigar, daidai ƙasan kafaɗa. Da farko muryar kawai yake ji tana gurnani daga ciki. Da suka kai kwanar farko labarin ya fara yankewa. Da suka kai ta biyu ya tsaya gaba ɗaya, sai numfashi. A ƙarshen kowane ja, can ƙasa, akwai wani ɗan ƙaramin sauti busasshe, kamar ana murza leda a cikin aljihu. Wataƙila rigar ce. Wataƙila kunnensa ne. Amma ya yi watanni a ɗakin da kowane gado ke da irin nasa sautin, kuma ya san yadda yake farawa.

Yaya ya tsaya, ya dafa bango.

"Ka gaji?"

"Ni? Takalmi ne yake zamewa."

Zarto ya ƙara manna kunnensa, ya riƙe nasa numfashin don ya ji da kyau. Daga sama matar tana kiran yara su zo su ji labari mai daɗi.

"Yaya, gobe da sassafe za mu asibiti."

"Gobe kuma? Ai ranarka sai mako mai zuwa."

"Na sani," in ji Zarto. "Ba tawa ba ce."